Sauya Tsohon Wayarin Bututun Ƙarfe da Kebul na Zamani: Tambayoyi da Amsoshi

Wayarin gidana na bututun ƙarfe ne. Dole ne sai an cire shi duka?

Ba dole ba ne. Abu biyu ne a bangon, bututu da wayoyin da ke cikinsa, kuma ba tare suke tsufa ba. Bututun ƙarfe mai kauri da aka haɗa da zare, in ruwa bai same shi ba, yana iya wuce shekara hamsin garau. Abin da ya fi mutuwa shi ne rigar wayar. Saboda haka hanya uku ce a gabanka: a zare tsofaffin wayoyi a zura sababbi cikin bututun da ke nan, ko a yi watsi da bututun a bi sabuwar hanya da kebul mai riga, ko a haɗa biyun, wato a riƙe bututu inda yake da lafiya a yi kebul inda ya lalace. Gwaji ne yake zaɓa maka, ido kaɗai ba ya isa.

Sannan ka duba dokar inda kake. A birnin Chicago na Amurka, alal misali, bututun ƙarfe doka ta wajabta har a gidajen zama, alhali a yawancin sassan ƙasar kebul mai rigar roba ake yi.

Da me zan gane wayoyin sun tashi aiki?

Bayan an kashe wuta, a buɗe makunni ɗaya da mariƙin ƙwan fitila ɗaya. Kafin rigar PVC, wato robar zamani da ake suturta waya da ita, ta bazu a wajejen shekarun 1960, da baƙar roba ake suturta waya, sau da yawa da saƙar auduga a kanta. Irin wannan robar tana bushewa da zafi da shekaru, har ta kai in ka lanƙwasa wayar sai rigar ta marmashe a hannunka kamar busasshen ganye. Saman ƙwan fitila ne ya fi lalacewa, don nan zafi yake taruwa. In ka ga haka, rufe a hankali kada ka ƙara motsa komai. Wayar da ta shekara arba'in tana zaune lafiya, taɓa ta ɗin ne yake sa ta haɗu da ƙarfe.

Sauran alamu: fis mai yawan ƙonewa ba dalili, warin ƙonannen roba, baƙin tabo a bakin soket, fitila mai lumshewa in an kunna dutsen guga, da ɗan jan wuta a jikin famfo ko murfin makunni. Amma hukunci na na'urar gwajin riga ne, wadda masu aiki suke kira mega. Tana tura bolt 500 tsakanin wayoyin da ƙasa, kuma a layin bolt 230 sakamakon bai kamata ya gaza megom 1 ba, wato om miliyan ɗaya (om shi ne ma'aunin juriya, yadda abu yake hana wuta wucewa). Sabuwar waya takan ba da ɗaruruwa. In tsohuwa ta ba da 2 ko 3, ta haye da ƙyar ne, tana kan hanya.

Ana cewa bututun shi ne wayar ƙasa. Me ake nufi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk aikin. A tsohon tsari waya biyu kawai ake zurawa, mai wuta da nutural, wato wadda wuta take komawa ta cikinta. Babu ta uku. Jikin bututun ne yake zama hanyar da wuta za ta gudu ta koma in waya mai wuta ta taɓa ƙarfen firji ko hita. Wutar za ta bi kusar soket zuwa akwatin bango, daga akwati zuwa bututu, daga wannan sanda zuwa waccan, har akwatin fis. Kowace mahaɗa a hanyar nan dole ta kama gam.

Ga dalili da lissafi. Bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, nau'in B mai amfiya 32 tana bukatar ninki biyar na ƙarfinta, amfiya 160, kafin a tabbatar za ta faɗi nan take. A bolt 230, hakan na nufin juriyar hanyar gaba ɗaya kada ta wuce kusan om 1.4. To, a ce tsatsa ta ci mahaɗa ɗaya ta kai juriyar om 5. Wutar da za ta bi amfiya 46 ce kawai. Birekar ba za ta faɗi nan take ba, tana iya ɗaukar mintuna masu yawa, kuma a duk tsawon lokacin jikin firjin yana ɗauke da wuta, mahaɗar kuma tana fitar da zafin kusan kilowat goma a cikin silin. Ta haka gobara take tashi a inda ba wanda ya zata.

Shi ya sa babban kuskure a wannan aikin shi ne a yanke bututu a tsakiya don a dasa sabon kebul, a bar abin da ke gaba da wurin yankan yana aiki. Fitila za ta kama, soket zai ba da wuta, kowa ya ɗauka lafiya lau, alhali an datse wa rabin gidan wayar ƙasa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Yaya ake sanin bututun da za a iya riƙewa?

Da farko a duba irin mahaɗarsa. Akwai mai zare, wanda ake murɗawa cikin soket ɗinsa kamar fayif ɗin ruwa. Akwai kuma siririn nan mai tsaga a tsawonsa, wanda ake cusawa cikin mahaɗa kawai ko a matse da 'yar kusa. Na biyun ba a dogara da shi a matsayin wayar ƙasa ko da ya ci gwaji yau, don fenti da tsatsa suna shiga tsakani.

Sai gwajin juriya, da na'urar da take tura aƙalla miliamfiya 200, daga akwatin fis zuwa kowane akwatin bango ta doguwar wayar gwaji. Ƙaramar mitar aljihu takan yi ƙarya a nan, wutar da take turawa ba ta da yawa, ɗan haɗuwa siriri kamar gashi a cikin tsatsa ma ya ishe ta ta nuna hanyar a haɗe take. Yayin da ake aunawa a ɗan girgiza bututun inda hannu ya kai. In lambar tana rawa, mahaɗa ta saki.

A leƙa ciki da tocila. Jan ruwa mai ɗiga daga akwati, ko ɓawon tsatsa da ke zubowa, yana nuna cikin ya yi kaushi kuma zai yage rigar sabuwar waya. Sassan da suka fi ruɓewa su ne waɗanda aka binne a daɓe, na bangon banɗaki da kicin, da wanda ya fita waje ya dawo, inda raɓa take taruwa a ciki.

Ko da bututun ya ci duk gwajin nan, shawararmu a zura wayar ƙasa ta daban tare da sababbin wayoyi. Waya ɗaya ce ƙari, ta raba ka da dogaro da mahaɗar da ba ka gani.

Yaya ake zare tsoho a zura sabo?

A fara da kashe babban makunni, a kulle shi ko a cire fis a sa a aljihu. In akwai janareta, inbata ko sola, su ma a raba su da layin, don suna iya maido da wuta ta baya. A tabbatar da mutuwar layin da na'urar gwaji mai baki biyu: a gwada ta a inda aka san akwai wuta, a gwada layin, a sake gwada ta. Testa mai ɗan ƙwai a gindi ba shaida ba ce.

Sai a buɗe duk akwatunan da ke hanyar, har waɗanda aka shafe da filasta ko aka ɓoye a silin, a sa wa kowace waya alama kafin a kwance ta. Tsakanin akwati da akwati ake ja, ba daga farkon layi zuwa ƙarshe a ja guda ba.

Tsohuwar waya ita ce igiyarka ta farko. A ɗaura mata wayar ja a wutsiya kafin a zare ta, ta yadda tana fita wayar ja tana shiga. In ka zare ba ka ɗaura komai ba, sai ka koma neman hanya da tef ɗin zurawa, wanda kan ƙi wuce lanƙwasa ta biyu. Bayan an zare, a ja ɗan tsumma ta ciki sau biyu ko uku ya kwaso garin roba da tsatsa.

Wajen ɗaura sababbin wayoyi, a feɗe kamar santimita 10 na kowacce, a lanƙwasa a idon wayar ja, amma a jera su bi-da-bi, ɗaya gaba ɗaya baya, don kada kan ya yi ƙullutu. A naɗe da tef ya yi sumul. Mutum biyu ne aikin: ɗaya yana ja a hankali, ɗaya yana miƙa wayoyin a jere yana hana su harɗewa, kuma mai miƙawa shi ne mai ba da umarni. Duk wayoyin a shigar da su tare. Zura ƙari daga baya yana goge rigar na farko har ya ƙone ta. Don santsi akwai man jan waya na musamman, in babu, farar hoda tana yi. Baƙin mai da giris suna lalata PVC, ruwan sabulu kuma yana jawo tsatsa sannan in ya bushe ya manne wayoyin.

Kowane bakin bututu ya kasance da zoben tagulla ko na roba mai hana kaifi yanka waya. A bar rarar santimita 15 a kowane akwati. Daga akwatin ƙarfe a ɗaura gajeriyar wayar ƙasa zuwa soket, kada a bar wa kusoshin murfi wannan aikin.

In tsohuwar waya ta ƙi motsi, a gwada jan sili ɗaya-ɗaya maimakon duka, ta ɓangarorin biyu. In ta tsinke a ciki, yawanci wannan sandar ta tafi ke nan, a nemi wata hanya.

Waya nawa bututu ɗaya zai ɗauka?

Ƙa'idar da aka fi sani: wayoyi kada su cika fiye da kashi 40 cikin ɗari na faɗin cikin bututu. A aikace, bututu mai milimita 20 da lanƙwasa biyu yakan ɗauki huɗu zuwa shida na waya mai 2.5mm², ya danganta da tsawo. Tsofaffin gidaje kuwa da yawa mai inci 5/8 ne a ciki, kusan milimita 16, wanda uku na 2.5 sun kusa cika shi in akwai lanƙwasa. Zaren bututun inci kuma ba ya shiga na milimita, sai da mahaɗar da ke sada su.

Abu ɗaya ba a saɓa masa: mai wuta da nutural na layi ɗaya su bi bututun ƙarfe ɗaya. In aka raba su, maganaɗisun da ke kewaye da kowacce ba ya samun mai soke shi, sai ƙarfen ya riƙa zafi yana gurnani.

Zan iya zura kebul mai riga a cikin tsohon bututun?

A miƙaƙƙiyar sanda, kamar wadda ta sauko daga silin zuwa makunni, ana yi, kuma yana ceton fasa bango. Nan bututun ya zama kariya kawai. Sharaɗi a sa zobe a bakinsa biyu, kuma a haɗa shi da wayar ƙasa. A doguwar hanya mai lanƙwasa kuwa kada a fara: kebul mai faɗi yana maƙalewa, rigarsa ta yage a inda ba a gani. Sili-sili aka yi wa bututu, kebul mai riga kuma an yi shi ne don ya tafi ba bututu. Akasin haka ma haramun ne a aikin, ba a shimfiɗa waya sili a silin ko a binne ta tsirara a filasta.

In an bar bututun, ina sabon kebul zai bi?

A cikin bango, kebul yana tafiya a miƙe ne, sama ko gefe daga soket ko makunni, ko cikin milimita 150 daga silin ko kusurwar ɗaki. Ba a yanke hanya a karkace don rage tsawo, domin mai kafa ƙusa gobe da wurin soket zai yi hasashen inda waya take. Zurfin ramin da aka sara a tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon, na kwance kuma ɗaya cikin shida.

Ka tuna abin da ka rasa. Ƙusa in ta sami bututun ƙarfe takan lanƙwashe, in ma ta huda, da ƙasa take fara haɗuwa. Kebul ba shi da wannan garkuwa. Don haka ƙa'idar Birtaniya, BS 7671, ta ce kebul ɗin da aka binne a bango a zurfin da bai kai milimita 50 ba, kuma ba shi da sulken ƙarfe, sai an tsare shi da RCD mai miliamfiya 30, wato na'urar da ke yanke wuta in ta ga tana ɗiga. A katakon silin ko na bene, a huda rami aƙalla milimita 50 daga sama da ƙasa. Inda aka bi saman bango, a kafa maƙali duk milimita 250 zuwa 300 a kwance, 400 a tsaye. Kada kebul ya kwanta a kan farin soson nan na folistirin, yana tsotse laushin PVC har ya ƙage. Ɓera ma yana cin kebul, bututun ƙarfe kuwa ya fi ƙarfin haƙorinsa. In rufin yana da su, a sa kariya.

Tsohon bututun da aka daina amfani da shi fa?

Wanda ke cikin bango a bar shi, tono shi ɓarna ce. A zare wayoyin in sun fito, in sun ƙi a yanke su a ɓangarorin biyu a tabbatar sun mutu. Wanda ke fili a kwance shi. Duk guntun da sabon kebul ya ratsa ko ya shiga akwatinsa, a haɗa shi da wayar ƙasa.

Wane kauri zan saya?

Abin da aka saba a layin bolt 230: 1.5mm² ga fitilu da bireka 6 ko 10, 2.5mm² ga soket da bireka 16 ko 20, 4mm² zuwa 6mm² ga hita, babbar na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki. Amma waɗannan mafari ne. Waya mai 2.5 a cikin bututu a jikin bango tana ɗaukar amfiya 24 in zafin wurin digiri 30 ne kuma layi ɗaya ne a ciki. In layi biyu suka haɗa bututu, a ninka da 0.8. In zafin ya kai digiri 40, kamar yadda cikin rufin kwano yake yi har ya wuce, a ninka da 0.87. Sakamako amfiya 16.7. Bireka 20 ta yi wa wannan wayar yawa, ko a sa 16 ko a ƙara kauri.

Tsawo ma yana ci. Waya mai 2.5 tana zubar da milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita. Amfiya 20 a mita 30 ya zama bolt 10.8, dab da iyakar kashi 5 cikin ɗari, wato 11.5. A mita 35 an wuce. Iyakar fitilu kashi 3 ce.

A kula da jabu. Akwai waya ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare bakinta da wuƙa, in fari ya fito a ciki ka mayar. Ko a auna naɗin: mita 100 na 2.5 na jan ƙarfe zalla kusan om 0.74 yake bayarwa.

Za a iya yi ɗaki-ɗaki?

Layi-layi ake yi, daga akwatin bireka zuwa soket na ƙarshe, don layi ɗaya yakan ratsa ɗakuna uku. A fara da na kicin da banɗaki. Ba a ɗora sabon kebul a kan tsohuwar waya mai roba.

Launukan sun bambanta, ya zan yi?

Tsohon tsarin Birtaniya ja ne mai wuta, baƙi nutural. Daga 2004 aka koma ruwan ƙasa da shuɗi irin na Turai, wayar ƙasa kore da rawaya. A Amurka baƙi ne mai wuta, fari nutural. Ka ga ke nan baƙi yana iya zama kowanne. A tsohon bututu ma wani lokaci duk launin ya koɗe ya zama ɗaya. A gwada, a sa hannun riga mai launin da ya dace, a manna gargaɗi a akwatin bireka cewa launi iri biyu ne a gidan.

Akwatin fis ɗin ma sai an sauya?

Kusan kullum, eh. Fis mai siririyar waya ba ya ganin ɗigar wuta ta jikin mutum, kuma sau da yawa za ka tarar wani ya ɗaura masa waya mai kauri don ya daina ƙonewa. A sa akwati mai bireka da RCD, zai fi kyau kowane layi da nasa. Wasu tsofaffin mariƙan fis na tangaran suna da ƙyallen asbestos a ciki, fari mai kama da saƙa, wanda ƙurarsa take cutar da huhu. Kada a kankare shi ko a hura. Fis ɗin da ke gaban mita na kamfanin wuta ne, su ake kira su cire. A wannan lokacin ne kuma ake duba babbar wayar ƙasa. In da fayif ɗin ruwa aka dogara, kuma an taɓa sauya wani sashe nasa da na roba, mai yiwuwa gidan ba shi da ƙasa ko kaɗan sai an yi sabuwa.

An gama aiki, RCD sai faɗuwa take yi. Me ya jawo?

Lokacin faɗuwar yana nuna dalili. In tana faɗuwa da zarar an kunna wata fitila, musamman ta matakala ko baranda mai makunni biyu, aron nutural ne: mai wuta daga layi ɗaya, nutural daga wani. Masu wayarin bututu na da suna yawan yin haka don duk wayoyin suna akwati ɗaya, fis kuma bai damu ba. RCD tana kwatanta abin da ya fita da abin da ya dawo, sai ta ga giɓi. Wannan aron ne kuma yake sa mai aiki ya kashe layi ya kwance nutural, wuta ta ja shi.

In tana faɗuwa da an kunna kowane abu mai nauyi a ko'ina, nutural ce ta taɓa ƙasa a wani wuri, galibi kusar murfi ta huda ta ko bakin bututu mara zobe ya yanke ta. In sai an yi ruwan sama, a duba fitilun waje. In sai hita ta yi zafi, ƙarfen dumamar ne yake ɗiga, wayarin ba shi da laifi.

Wane gwaji ya kamata a yi kafin a mayar da wuta?

Wuta a kashe: a auna ci gaban wayar ƙasa zuwa kowane soket, makunni da akwatin ƙarfe, a yi mega a bolt 500 bayan an cire ƙwayaye da kayan lataroni masu laushi, don gwajin yana ƙona su, a tabbatar makunni da bireka suna kan waya mai wuta. Wuta a kunne: a auna juriyar hanyar komawa a wurin da ya fi nisa a kowane layi a kwatanta da birekarsa, sannan a gwada RCD da na'ura, ta faɗi cikin milisakan 300 a miliamfiya 30. Danna maɓallin gwajin da ke jikinta yana nuna tana motsi ne kawai, ba ya auna lokaci kuma ba ya shaida akwai wayar ƙasa. A nemi mai aikin ya rubuta lambobin layi-layi a takarda, a ajiye kusa da akwatin bireka.

Wane ɓangare mai gida zai iya yi da kansa?

Sarar bango, ɗaga silin, kafa akwatuna, miƙa waya yayin ja, da shafe ramuka bayan an gwada. Lissafin kauri, haɗa akwatin bireka da gwaje-gwaje na mai lasisi ne, na'urorin ma a hannunsa suke, kuma a ƙasashe da yawa doka ta ce sai an sanar da hukuma kafin a sauya layi. Kafin a shafe filasta a ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa.